Kowane Gida da Abin Hannunsa

Darasi domin iyalan masu bi. A karanta shi a gida bayan tuwon dare, ko kuwa a taron tsakiyar mako.

 Kafin a soma wannan darasi, sai mai gida, ko wani yaro da ya iya karatu, ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta Littafin Firistoci sura 25 da ƙarfi, kowa ya ji. Surar tana da tsawo, amma ku yi haƙuri, gama a kanta maganarmu ta tsaya.

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mutumin da yake da 'yar gonarsa, da itace a cikinta, da akuya a turke, yana da abin da zai haifa masa abinci bana, ya kuma haifa baɗi. Wanda ba shi da ko ɗaya sai ya jira ranar da wani zai kira shi aiki. Darasinmu shi ne wannan: nufin Allah ne kowane gida ya riƙe wani abu mai haihuwa a hannunsa, aikin ikkilisiya kuwa shi ne ta taimaki gidaje su samu, su kuma riƙe.

1. Yadda abin hannu yake fita

A Farawa sura 47 an ba mu labarin babbar yunwa a ƙasar Masar. Ku lura da yadda abin ya bi daki-daki. Da fari mutane suka kai kuɗinsu suka sayi hatsi, har kuɗi ya ƙare. Sai suka kai dawakai, da tumaki, da shanu, da jakai. Da shekara ta kewayo, ba abin da ya rage musu sai gonaki da jikunansu, suka ba da su duka biyu. Gaskiya ne Allah ya ceci rayuka da yawa ta hannun Yusufu. Amma da yunwa ta wuce, gonakin talakawa sun riga sun zama na Fir'auna, manoma suna noma suna ba shi kashi ɗaya cikin biyar.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a gare mu. Waɗanda suka ga farin 1973 da 1974 sun san ta. Ni ma ina yaro ɗan lakwal na ga yunwar 1984, wadda mutanenmu suka sa wa suna El Buhari. Babana ya fara sayar da awaki, sa'an nan ya sayar da sa guda da muke da shi. Daga baya ya kai gonarmu ta bakin fadama jingina a kan buhun hatsi uku. Ba a rubuta kome ba, an dai kira mutum biyu suka ji. Shekaru suka wuce, shaidun nan biyu suka rasu, wanda ya karɓi jinginar ma ya rasu. Ranar da muka tara kuɗi muka tafi fansa, 'ya'yansa suka ce su dai sun tashi sun tarar ubansu ya saya. Buhu ukun nan mun cinye su cikin wata biyu. Gonar kuwa har yau tana ba da amfani kowace shekara, ga wani gida.

Ba sai an yi babbar yunwa abin yake faruwa ba. Da kaka, manomi ya sayar da hatsi da wake da araha domin biki, ko magani, ko biyan bashi. Da damina ta yi tsaka, rumbu ya ƙare, sai ya koma kasuwa ya sayi irin tiyar da ya sayar, da tsada. In ba kuɗi, sai ya tafi barema a gonar wani, tasa gonar kuwa haki ya cinye ta. Kaka ta zo da ɗan kaɗan, bashi ya ƙaru. Shekara uku ko huɗu a haka, gona ta tafi.

Ga kuma yawan jama'a. A 1960, shekarar da Nijar ta sami 'yancin kai, mutanen ƙasar duka miliyan 3 ne da 'yan kai. A ƙidayar 2012 an sami fiye da miliyan 17, jihar Maraɗi kaɗai tana da wajen miliyan 3 da dubu 400. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne suke rabonta. Saboda haka wanda ya saki gona a zamanin nan, da wuya ya sami wata.

2. Ƙasa ta wane ce?

Sa'ad da Allah ya fito da Isra'ilawa daga Masar, bai kafa musu irin tsarin Fir'auna ba. A Littafin Ƙidaya 26:52-56 ya umarta a raba ƙasar ga kabilai da iyalai, masu yawa su sami da yawa, marasa yawa su sami daidai da su, a kuma jefa kuri'a domin kada wani babba ya zaɓi wuri mai kyau ya bar wa ƙanana tsandauri.

Allah ya san wasu za su yi ciwo, wasu fara za ta cinye musu, wasu kuma za su yi sakaci. Domin haka ya kafa shinge uku a Littafin Firistoci 25. Na fari, ba za a sayar da gona har abada ba, gama Allah ya ce ƙasar tasa ce, mutane baƙi ne da ya saukar a cikinta (aya 23). Na biyu, in talauci ya sa mutum ya sayar, ɗan'uwansa na kusa yana da iko ya zo ya fanshe ta (aya 25). Na uku, in ba mai fansa, to a shekara ta hamsin, wadda ake kira Jubili, za a busa ƙaho, kowa ya koma gonar kakanninsa. Wato wanda ya sayi gona, yawan kakar da ta rage kafin Jubili kaɗai ya saya. Wahalar uba ba za ta bi jikoki har abada ba.

Wannan ya sa Nabot ya ƙi sayar wa sarki Ahab gonar inabinsa, ko da sarki ya yi masa tayin wata mafi kyau, ko kuɗi (1 Sarakuna 21). Da Yezebel ta sa aka kashe shi da shaidar zur, Allah ya aiko annabi Iliya ya tarar da sarki a cikin gonar, ya faɗa masa hukunci. Annabi Ishaya ma ya yi kashedi ga masu haɗa gida da gida, gona da gona, har ba wurin kowa sai su (5:8). Annabi Mika kuwa, da yake kwatanta zamanin salama, ya nuna kowane mutum zaune a inuwar itacen da yake nasa, ba mai tsorata shi (4:4).

Mu ba Isra'ilawa ba ne, dokar ƙasarmu kuma ba ta san Jubili ba. Amma Allahn da ya ba da wannan shari'a bai sāke ba. Abin da ya ƙi a dā, wato dukiyar gari ta taru a hannun mutum biyu ko uku sauran su zama barori, har yanzu yana ƙinsa. Bari mu duba hanyoyi huɗu da muka gani da idonmu a ƙasarmu, waɗanda talaka yake samun abin kansa ta wurinsu.

3. Itace a gonarka

Dattawa za su tuna lokacin da gonakin Maraɗi suka zama fili fetal. Iska tana binne shuka, sai a yi ta sāke shuka sau biyu, sau uku. Mata suna tafiya mai nisa neman kirare, wasu suna girki da kara da kashin shanu. Fari yana cikin dalilai, da noman gujiya da ya sa aka share daji. Amma akwai wani dalili kuma. A dokar wancan lokaci ana ɗaukar itace na gwamnati ne, ko a tsakiyar gonarka yake. In ka sare, ma'aikatan gandun daji suna iya ci maka tara. In ka bari, wani ya zo da dare ya sare. To, wa zai reni abin da ba nasa ba? Sai kowa ya riƙa share toho tun yana ƙarami.

A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa 'yan ganyen da muke sarewa kowace bazara ba ciyawa ba ne. Tohon kututture ne, saiwar itacen tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kaɗan ne: ka zaɓi rassa masu ƙarfi kamar uku zuwa biyar a kan kututture, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi, ka tsare su daga gatari da wuta. Tun da saiwar ta riga ta yi zurfi, itacen yana tashi da sauri fiye da na dashe. Wannan ne muke kira sassaben zamani.

Da fari an yi masa dariya. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon cimaka a ƙauyuka kusan 100, amma da rabo ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari suka ga iska ta rage, hatsi bai ragu ba, ga itacen girki, ga gofar rufi ta sayarwa. Maƙwabci ya ga na maƙwabci. A hankali hukuma ta sassauta, ƙauyuka suka kafa nasu kwamitin tsaro, kamar yadda aka yi a Ɗan Saga ta wajen Agye. Dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara buɗe hanya, a 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar da hakkin manomi a kan itacen da ya rena. Masu bincike da suka duba hotunan sama sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kamar miliyan 200, yawancinsu a Maraɗi da Damagaram.

Ku duba fa, ba wanda ya kawo itatuwan nan a mota. Allah ya riga ya ajiye su a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ranar da manomi ya tabbata itacen nasa ne, ranar ya soma renonsa. Gawo yana kakkaɓe ganye da damina ya ba gona taki, da rani kuma 'ya'yansa abincin bisashe ne. Ƙalgo, da sabara, da magarya, da aduwa, da kuka, kowanne da nasa amfani. Wanda yake da itace talatin a gona, in wahala ta zo yana iya sayar da reshe ya bar gona. Sai dai ku sani gawo yana cikin itatuwan da doka ta kāre, kada a kā da shi ba tare da izini ba.

4. Rabon mata

A Littafin Ƙidaya sura 27, 'ya'ya mata biyar na wani mutum mai suna Zelofehad suka tsaya gaban Musa da dukan shugabanni. Ubansu ya mutu bai bar ɗa namiji ba, suka roƙa a ba su gādo tare da 'yan'uwan ubansu. Musa ya kai maganar gaban Ubangiji, Ubangiji kuwa ya ce suna da gaskiya, a ba su.

A al'adarmu mace tana da gamana, 'yar gonar da miji yake yanka mata a gefen gandu. Da ita take samun kuɓewa, da wake, da kuɗin sabulu, da abin da za ta sa a bakin yara sa'ad da mai gida ya tafi cin rani. Yanzu da gonaki suka yi ƙaranci, gamanar mace ce ake fara janyewa. Gwauruwa kuma sau da yawa 'yan'uwan miji sukan karɓe gona kafin a share makoki. 'Yan'uwa maza, wannan bai kamata a ji shi a gidan mai bi ba.

Matan ƙasarmu sun koya wa duniya wani abu. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma aiki da mata a ƙauyukan Maraɗi, aka gina shi a kan adashin da suka saba, aka kira shi Mata Masu Dubara. Mata kamar 20 zuwa 30 suna haɗuwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yarda a kai. Ana ajiye kuɗin a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗan a hannun mata uku dabam. Wadda take so ta yi ƙuli-ƙuli, ko ta sayi ɗan rago ta yi turka, sai ta ranta, ta mayar da ɗan ƙari. A ƙarshen zagaye, kusan shekara guda, sai a raba duka, uwa da riba. Yau ana bin wannan tsari a ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta.

Wani zai tambaya, ashe ba a hana karɓar ruwa daga hannun ɗan'uwa matalauci ba (Littafin Firistoci 25:36)? An hana. Amma a nan ƙarin da mace ta biya yana komawa akwatin da ita ma take da rabo a ciki. Ga kuma asusun taimako a gefe, domin ciwo da mutuwa, wanda ba a ɗora masa kome. Zumuntar mata a kowace ikkilisiya tana iya yin haka. Maza ma ba a hana su koyo ba.

5. Akuya da rumbu

Maƙwabtanmu Fulani suna da wata al'ada mai kyau da suke kira habbanaye. Wanda yake da shanu yakan ba wanda ya rasa aron saniya. Ya yi kiwonta, ya sha nono, in ta haihu 'ya'yan nasa ne, daga baya ya mayar da uwar. Mai saniya bai rasa kome ba, ga wani gida ya tashi. Ikkilisiya mai gida ashirin tana iya sayen jar akuya biyu ko uku irin ta Maraɗi, wadda takan haifi biyu-biyu, a fara da gwauruwa, in ta haihu aka yaye a miƙa uwar ga gida na gaba.

Haka kuma bankin cimaka. Da kaka kowane gida ya kawo tiyar da aka yanka, a haɗa da hatsin da aka saya lokacin araha, a kulle. Da damina a buɗe, a sayar wa 'yan ƙauye da sauƙi, ko a ranta musu su biya da kaka. Ta haka mutum zai zauna ya nome tasa gona. Amma mun ga bankuna da yawa sun mutu domin mai riƙon mabuɗi ya ci amana, ko manyan gari sun ranta sun ƙi biya. Ku zaɓi masu tsoron Allah, a rubuta kome, a karanta lissafi a gaban jama'a. Manzo Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki baikon ikkilisiyoyi shi kaɗai ba (2 Korantiyawa 8:18-21).

6. Takarda da shaidu

Sa'ad da annabi Irmiya ya sayi gonar ɗan'uwansa a Anatot, ya rubuta takarda, ya buga hatimi, ya kira shaidu, ya auna kuɗin a ma'auni, ya kuma sa a ajiye takardun cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe (Irmiya 32). In annabi ya yi haka da ɗan'uwansa na jini, kada wani ya ce neman takarda rashin yarda ne.

Tun 1993 Nijar tana da dokar karkara wadda ta amince da mallakar gona ta gargajiya, ta kuma kafa hukumomin kula da gonaki, waɗanda ake kira kofo, har zuwa matakin ƙauye, inda mai gari yake shugabanta. Ana iya rubuta gādo, da saye, da kyauta, da aro, da jingina. In tilas ta sa ka kai gona jingina, ka sa a rubuta cewa jingina ce, da yawan kuɗin, da shaidu masu ƙuruciya. In ka ba matarka ko 'yarka gona, ka rubuta tun kana da rai. Kafin kuma ka sayar wa baƙo, ka fara gaya wa 'yan'uwanka da dattawan ikkilisiya, watakila a sami mai fansa. Da babana ya san wannan, da yau jikokinsa suna noma bakin fadama.

7. Magana ga masu hali

A zamanin Nehemiya talakawa suka yi kuka, domin sun jinginar da gonakinsu da gidajensu saboda hatsi da haraji, har 'ya'yansu suna shiga bauta, masu karɓa kuwa 'yan'uwansu ne (Nehemiya 5). Nehemiya ya tara manya ya tsauta musu, suka yi alkawari, suka mayar.

Ɗan'uwa, in Allah ya buɗa maka, muna godiya tare da kai. Arziki ba zunubi ba ne, Ibrahim da Bo'aza masu arziki ne. Amma ka tambayi kanka: gonar wa take hannunka? In ka riƙe gonar ɗan'uwa shekara goma a kan jika hamsin, ka riga ka ci kuɗinka ninki nawa? Ka kira shi ku zauna. Sadakar tiya guda tana da kyau, kada ka daina. Amma in ka mayar masa da gona, ko ka ba shi aron akuya, ko ka koya wa ɗansa ɗinki ko gyaran babur, ka fitar da gidan nan daga ƙofar roƙo, gobe shi ma zai kawo baiko.

8. Gādon da ba a jinginarwa

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka gona ce ceto. Ubangiji Yesu ya ba da misalin mai arzikin da ya rushe rumbunansa ya gina manya, a daren nan kuwa aka biɗi ransa (Luka 12:16-21). Mu duka baƙi ne a ƙasar Allah. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, yana kama mai gona ɗaya kamar yadda yake kama mai goma.

Akwai wani bashi kuma da ya fi na hatsi. Ta wurin zunubi mun sayar da kanmu, ba mu da abin fansa. Sai Ɗan Allah ya zama mutum, ya zama ɗan'uwanmu na kusa, ya biya da jininsa a kan gicciye, ya tashi daga matattu. Duk wanda ya tuba ya ba da gaskiya gare shi, an fanshe shi, yana da gādo a sama wanda fari ba ya taɓawa, ba kuma mai ƙwacewa (1 Bitrus 1:3-4). In ba ka karɓe shi ba tukuna, ka karɓe shi yau. In ka riga ka karɓa, to kai da aka fanshe ka kyauta, yaya za ka ga gonar ɗan'uwanka tana tafiya ka yi shiru?

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne shinge uku ne Allah ya kafa domin kada iyali su rasa gonarsu?
2. Me ya sa Nabot ya ƙi tayin sarki?
3. Kututture nawa ne masu rai a gonarku? Wa zai tafi ya ƙidaya su a wannan mako?
4. A ikkilisiyarku gida nawa ne ba su da gona ko bisa? Me za ku fara yi musu kafin kaka mai zuwa?
5. Gonakin gidanku, da na mata a ciki, an rubuta su?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, ƙasa taka ce da dukan abin da yake cikinta. Mun gode domin rabon da ka ba mu. Ka gafarta mana inda muka yi sakaci da shi, da inda muka ci na wani. Ka ba mu hikima mu riƙe, ka ba mu ƙauna mu raba. Ka tuna da gwauraye da marayu, da waɗanda gonarsu take hannun wani. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Fansarmu. Amin.